Inuwar da Aka Zaɓa wa Barewa

Ummukulsum haihuwar Agege ce gaba da baya. A bayan layin dogo aka binne cibiyarta, ta iya Yarbanci tun kafin ta iya ɗaurin zane, kuma duk faɗin Arewar da ake ba ta labari, iyakar tafiyarta Ibadan, shi ma biki ne ya kai ta. Tuwo suke sayarwa ita da mahaifiyarta Inno a bakin hanyar kara, inda ake sauke shanu da raguna. A gindin tukunyar tuwon nan ta samo miji, kuma wallahi ba wanda ya zaci irinsa za ta ɗauko.

Sunansa Ɗan Azumi, mutumin Nijar, daga wani ƙauye can gaba da Tanut, inda ya ce in ka tsaya da hantsi kana hango baƙon da zai iso da azahar. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya. Rakiyar dabbobi ce sana'arsa. Yakan hau bayan tirela, wadda shi yake kira kamiyo, ya zauna kan katako sama da ƙahonin shanu, yana tayar da wadda ta faɗi kada sauran su tattake ta, har a iso Legas. In an sauke ya ɗan kwana biyu wurin matarsa, ya sake hawa. Suna son juna, wannan ko maƙiyi ya shaida. Magana ɗaya ce tak ke shiga tsakaninsu: shi yana so ta bi shi gida, ita tana so ya sauko daga kamiyon nan ya zauna a Agege.

Bayan rikicin Ketu, lokacin da aka yi ta loda mutane da katifunsu ana yin Arewa, maganar ta ƙara zafi.

"An ce soja sun koma bariki, farar hula sun karɓa, to ga shi mun gani," in ji Ɗan Azumi. "Garin da za a tambayi yarenka kafin a tambayi sunanka, wannan wurin zama ne?"

"To in bar Inno ga wa?" in ji ta. "Kuma can ɗin da kake ta yabo, ko famfo akwai? Maigida, ka rufa mini asiri, ni ban iya jan guga ba."

Haka suke yi kullum, ya girgiza kai, ta yi dariya, maganar ta kwanta ba ta mutu ba.

Ana gab da Babbar Sallah ya iso da lodin raguna, ya shigo gida rungume da wani abu cikin bargo. Da ya buɗe sai ga 'yar barewa, ba ta kai akuya girma ba, ƙafafu kamar tsinken tsire, ido kamar an zizara mata kwalli. Maharba ne suka kashe uwar, shi kuma ya raine ta da nonon akuya har ta fara cin ganye. Gidan haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, kafin ka ce kwabo kowa ya fito. Iya mai gidan ta riƙe haɓa, ta tambaya da Yarbanci wai wace irin akuya ce wannan da yunwa ta gama da ita.

Ummukulsum ta tsuguna tana shafa wuyanta, daɗi ya cika ta. Ta ɗaga kai ta ce, "Ka gani ko? Ita ma ta gaji da rairayi ta gudo Legas."

Ɗan Azumi ya yi murmushi. "To bari mu gani. In barewar nan ta ci damina guda a Agege lafiya lau, ni ma na sauka, na zauna. In ta ƙi, ki ɗaure kayanki."

"A gaban Inno ka faɗa fa."

"A gabanta na faɗa."

Kowa ya yi dariya, har da Inno. Amma su ukun sun san Ɗan Azumi, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa, ko da wasa ya yi ta. Tun daga ranar, zaman Ummukulsum a garin haihuwarta ya rataya a wuyan 'yar dabbar nan, ita kuwa ta raɗa mata suna Baƙuwa.

Kwanakin da ya yi kafin ya koma, kullum yakan ja Baƙuwa da doguwar igiya zuwa filin da ke gefen layin dogo, kusa da rumfar tuwo. Mutumin da magana ke yi wa wuya, in dai kan barewa ne sai bakinsa ya buɗe. Ya ce barewa ba ta kwanciya inda ta ga dama kamar akuya. Tudu take nema, inda za ta hango abin da ke zuwa. Itace mai ƙaya take so, aduwa ko bagaruwa, mai inuwa shara-shara da iska ke ratsawa. Ba ta shiga tsakiyar inuwa, a gefe take tsayawa, ta tona ƙasa da ƙafar gaba har ta ture yashin sama mai zafi, sannan ta kwanta, bayanta ga itacen, hancinta ga iska. In rana ta juya inuwa ta matsa, ita ma ta tashi ta bi ta, ta sake tono. Da sanyin safiya kuwa rana take nema ta sha. Ruwa ma bai dame ta ba, raɓar ganye ta ishe ta.

Duk wannan ya faɗa. Amma wa yake faɗa wa? Mace mai tuƙin tuwo, hayaƙi a ido, wannan na cewa a ƙara miya, wancan na cewa ba a sa masa nama ba. Tana cewa "to, to" ne kawai, rabin maganar na shiga, rabi na bin hayaƙi. Abin da ya zauna mata daram shi ne na ranar tafiya. Ya riga ya hau okada zai tafi kara, ya waiwayo ya ɗaga murya ya ce, "Ummu, ki kula mata da inuwa!"

Bai yi mako da tafiya ba masu ido suka fara zuwa. Wani mai maganin gargajiya ya zo yana taya ƙahon da bai gama fitowa ba. Wani oga mai otal a Ogba ya aiko a tambaya ko ta sayarwa ce. Karnukan mahauta suka fara zagaye filin, ga 'yan iskan unguwa da ba a rasa ba. Tsoro ya kama Ummukulsum. Ta ce a ranta, wannan abin da aurena da uwata ke rataye a kansa, ni zan bar shi a fili? Sai ta dubi gidan, ta samo wuri.

Akwai wani lungu tsakanin bangon gidansu da na maƙwabta, bayan banɗaki, faɗinsa bai fi mutum ya buɗe hannuwa ba. Rana ba ta taɓa sanin da shi ba, bangon ma ya yi kore da gansakuka. Ta share shi tas, ta shimfiɗa buhuna, ta sayo tamfol ta rufe sama saboda ruwa, ta sa wani kafinta ya yi mata ƙofar kwano da kwaɗo. Ta tsaya ta duba aikinta, ranta ya yi fari. Inuwa dai ya ce, to ga inuwa, ko gidan gwamna albarka.

Baƙuwa ta ƙi kwanciya. Takan ja igiya har ƙarshenta ta tsaya a bakin lungun, hancinta a kafar ƙofa, inda 'yar iska ke shigowa da wani siririn haske wajen tsakar rana. Ta yi ta bugun simintin da kofato, tana bugu tana bugu, siminti kuwa ina ruwansa. Ummukulsum ta ga haka ta ce, "Au, gudu kike so ki yi? Ki koma wurinsa ki ce Legas ba daɗi? Ba ki isa ba, 'yar nema." Ta rage igiyar, ta mayar da ita can ƙuryar lungun.

Kada wani ya ce ba ta kula da ita ba. Wallahi ko ɗan da ta haifa iyakar abin da za ta yi masa ke nan. Kafin ta ɗora tukunya sai ta yanko mata ɗanyar ciyawa jiƙe sharkaf daga bakin kwalbati. Ta dama mata dusa, ta cika mata roba da ruwa, in ta ƙi sha ta buɗe bakinta ta ɗura mata. In ta dawo daga rumfa ta zauna kan kujera 'yar tsugune tana goge mata jiki da tsumma, tana ba ta labarin wanda ya ci tuwo ya gudu da wanda ya yi faɗa da kwandastan danfo, motar hayar Legas. Damina ta sauka irin ta Legas, a yi kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba, buhunan ƙasa suka jiƙe, ta canza, suka sake jiƙewa.

Can sai Baƙuwa ta fara kwanciya. Cikinta kuma ya fito, ya yi tim. Ummukulsum ta kira Inno ta zo ta gani.

"Inno, dubi yadda ta murje! Ta saba, wallahi ta saba."

Inno ta leƙa daga bakin ƙofa. Ita ma tun tana yarinya aka kawo ta Legas, abin da ta sani na dabba bai wuce kaza ba. Ta ce, "Masha Allah. Amma wuyan nan fa bai bi cikin ba."

"Zai bi. Ai daga ciki ƙiba ke farawa."

A ranar Bature ya zo cin tuwo, direban tirelar da Ɗan Azumi ya fi bi, washegari zai juya Arewa. Ummukulsum ta cika masa kwano da nama, ta ce, "Malam Bature, ga saƙo. In ka ga maigidana ka ce masa Baƙuwa ta yi ƙiba, har tashi ma ba ta son yi don jin daɗi. Ka ce masa damina ta yi nisa, ya fara shirin saukowa."

Bature ya yi dariya ya ce zai faɗa kamar yadda ta faɗa. Ba ƙarya ta yi ba. Abin da idonta ya gani ta aika, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Ba a daɗe ba tari ya fara, wani ɗan siririn tari kamar na jariri. Hanci ya soma zuba. Gashin da ke sheƙi ya tashi ya yi buzu-buzu, ƙashin baya ya fito, cikin kuma yana nan tim, in ka ƙwanƙwasa kamar ganga. Kofatan suka yi laushi suna wari. Ummukulsum ta ruga kara ta sayo maganin awaki, ta jiƙa kanwa, ta kunna gawayi a kasko ta ajiye mata don ɗumi. Fitar da ita waje kuwa ko a mafarki bai zo mata ba. Marar lafiya a fitar da shi cikin iska? Sai ma ta ƙara toshe kafar ƙofar da tsumma.

Wata safiya Inno ta same ta a lungun, ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, a kira mahauci. Kada ki bari ta zama mushe a hannunki, alhaki ne."

"Ba mai yanka ta."

"Dabba ce fa."

"Inno, in aka yanka ta ke zan bari. Kin gane? Ke zan bari a garin nan ke kaɗai da tukunya." Ta fashe da kuka. Inno ta juya ta tafi hura wuta.

Ranar da Ɗan Azumi ya iso, an kwana ana ruwa, da hantsi rana ta fito. Ba a okada ya zo ba yadda ya saba, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Mai kura ne ya turo masa kaya: akwatin ƙarfe, buhun gero, tabarmi a naɗe, har da wani tsohon sirdin raƙumi. Ya sa sabuwar riga, fuskarsa a sake. Ummukulsum ta ga kayan, amma hankalinta ba ya wurin. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Ina mai ƙibar?"

Ta kai shi. Ta buɗe kwaɗon. Warin danshi da fitsari ya buso su. Ya sunkuya ya shiga, ya daɗe a tsugune cikin duhun, ba ta ganin komai sai bayansa.

"Tun yaushe take nan?"

"Tun bayan tafiyarka. Ɓarayi sun yi yawa. Kuma ka ce inuwa."

Can ya ce, "Haka ne. Na ce inuwa."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ya kwance igiyar daga wuyan Baƙuwa, ya ɗauke ta a ƙirji, ya fita da ita ta tsakar gida, maƙwabta na leƙe. Ummukulsum ta bi shi ba takalmi. Ya wuce rumfar tuwo, ya kai filin gefen layin dogo, ya ajiye ta a tsakiyar fili, ya ja da baya.

Baƙuwa ta tsaya tana tangaɗi, idonta a runtse saboda haske. Ta ɗaga hanci, ta juya shi nan, ta juya shi can. Sai ta fara takawa. Ga wani ƙaton mangwaro mai inuwa baƙi ƙirin a kusa, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta nufi wani tarin yashi da magina suka bari ya daddale, wanda wani ɗan itacen dogon yaro marar ganyen kirki ya tsiro a gefensa. Ta hau da ƙyar, ta faɗi kan gwiwa, ta miƙe. Ta tsaya daidai inda inuwa ta haɗu da rana, ta kai ƙafar gaba ta ja yashin, ta sake ja, ƙarfin bai kai ba. Ta juya ta ba itacen baya, ta kwanta, hancinta ga iskar da ke bin layin dogo. Kunnuwanta suka miƙe. Har ta ɗan motsa baki kamar mai tuƙa.

Ummukulsum ba ta taɓa ganin ta kwanta haka ba, a sake, kamar wadda ta iso gida. Ta kama hannun rigarsa. "Maigida, dubi! Za ta tashi. Wallahi daga yau a nan za ta wuni, ni zan zauna in yi gadinta."

"Mu zauna mu gani," in ji shi.

Suka zauna kan wani tsohon ƙarfen jirgi. Danfo na ta wucewa a titi, masu cin tuwo suka taru suka watse, Inno ita kaɗai ke sallamarsu. Rana ta hau tsaka ta fara karkata, inuwar ɗan itacen ta soma zamewa daga jikin Baƙuwa, ta bar kai, ta bar wuya. Baƙuwa ta dubi inda inuwar ta koma, taku kaɗan ne. Ta yunƙura, ƙafafun gaba suka miƙe, na baya suka ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta koma. Sai ta miƙa wuya kan yashi, rana na dukanta, tana numfashi sama-sama.

Ɗan Azumi ya sauke ajiyar zuciya. "A dajinmu in ka ga inuwa ta tashi barewa ba ta bi ta ba, to ba sauran jira. Ummu, a kawo wuƙa."

Ba sai an je ba. Inno na tsaye a bayansu, ta riga ta naɗo wuƙar cikin gefen zanenta. Ya karɓa, ya hau tarin yashin, ya shafa fuskar Baƙuwa, ya yi mata wata magana a hankali da ba wanda ya ji. Ya juya ta gabas, ya yi bisimilla. Ummukulsum ta rufe fuska da mayafi.

Da ya sauko ya goge wuƙar da yashi, ta share hawaye ta miƙe tsaye. Ba ta yarda ta dubi Inno ba, don ta san in ta dube ta ba za ta iya faɗa ba.

"Maigida, magana magana ce. Ba ta ci damina ba, kuma ni na kashe ta da hannuna. Ka ba ni kwana biyu in samo wa Inno mai taya ta, in ɗaure kayana."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ki ɗaure ki je ina?"

"Gida. Garinku."

"Bature ya same ni a kasuwar Tanut, ya ce kin ce ta yi ƙiba. Na ce to, Allah ya yanke hukunci, ni ba na jiran sai an tuna mini alkawari. Na sayar da awakin. Na sayar da raƙumar. Gonar da turakar na sallama wa ɗan baffana gaban dattawa, ya riga ya sa iyalinsa. Na bi gida gida na yi bankwana, har kabarin tsohona na je." Ya miƙa wa Inno wuƙar. "Abin da ya rage mini a duniya shi ne wanda mai kura ya turo."

Ummukulsum ta koma ta zauna kan ƙarfen. Shekara da shekaru tana roƙon Allah ya zaunar mata da mutumin nan a Agege, ga shi an ba ta, kuma ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba.

"Ka koma ka ce a mayar maka," ta ce cikin kuka. "Ka ce kuskure ne. Ka ce matarka ce ba ta san kumburi ba."

"Abin da aka bayar gaban dattawa?" Ya girgiza kai. Ya tsaya yana kallon rufin kwano da wayoyin lantarki da suka kewaye filin ta ko'ina, kamar mai neman inda ido zai wuce bai samu ba. Sannan ya sunkuya ya kama hannunta ya tashe ta. "Tashi, Ummu, ya isa. Ki aika a kira mahauci ya feɗe, a raba wa maƙwabta in yana ciyuwa. In kin ga Iya mai gida kuma, ki tambayar mini ita da Yarbanci ko ta san mai neman maigadi."